Mai Balila ta Uhudu a Gaban Kyamara

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran uwar mijina. Daga gare shi muke, gare shi kuma kowa zai koma. Bayan la'asar aka sallace ta a Haramin Madina, maza suka wuce da ita Baƙi'a, mu mata muka dawo gida a unguwar Harra ta Yamma muka shimfiɗa darduma, muka ɗora gahawa.

Na sha zaman makoki a garin nan, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Tsofaffin da suka yi kasuwa tare da ita a Uhudu sun zo, dangi na Yanbu da na Makka sun zo, wannan duk mun sa rai. Waɗanda ba mu sa rai ba su ne suka cika falon har bakin ƙofa. 'Yan mata Larabawa da ba mu san iyayensu ba suka riƙa shigowa uku-uku, suna kuka kamar kakarsu ce. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya ta zo da kayan aikinta a ƙarƙashin abaya, ta ce ba ta taɓa ganin Hajiya ido da ido ba, a waya kawai ta san ta, amma ba za ta iya wucewa gida ba ta yi mana gaisuwa ba. Wata tsohuwa kuma ta ce da jikarta ta kawo mata labarin, sai da ta tambaya har sau biyu ko mutuwar gaske ce ko ta fim. Falon ya ɗauki dariya, masu dariyar suna share hawaye. Ƙanwar marigayi surukina ta tsuke fuska, ta ce ita dai ba ta saba ganin ana dariya a gidan mutuwa ba. Ba a jima ba wata ta tuna yadda Hajiya take kwaikwayon alhazan Turkiyya in suna ciniki, sai ga gwaggon tamu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

A wannan zaman na yi niyyar rubuta abin da na sani game da ita. Jikokinta suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, kuma ina so wata rana su zauna su karanta wannan da harshen da ta fi so, ko da a hankali ne.

A Madina aka haife ta. Iyayenta daga ƙasar Katsina suka taso a ƙafa, suka yi shekaru a hanya ta Chadi da Sudan, da suka iso kuma ba su koma ba. Ni daga Kano aka kawo ni amarya, ban san Larabci ba sai na salla. Kwana uku da tarewata ta ce in ɗauki mayafi, ta tafi da ni Uhudu inda take da rumfa. Balila take sayarwa, wani dafaffen wake ne na nan da ake zuba wa tsami da yaji. Ta ba ni ludayi ta koma gefe ta zauna, ta bar ni da masu ziyara. Ranar na yi kuka, amma cikin wata biyu na iya ciniki da Larabci. Ita kuwa tana yi da harshen Indunusiya, da na Turkawa, da na mutanen Pakistan, ba wai ta iya su ba, ta dai haddace abin da ake buƙata, sauran ta cike da hannu da ido. In mun dawo gida sai ta maimaita mana duk wanda ya tsaya a rumfar ranar, tafiyarsa da muryarsa da yadda yake buɗe jaka. Shekara arba'in tana wannan, mu kaɗai muke kallo.

Ba ta da sauƙi, kada a ce na ɓoye. Ba ta son a ce mata ta huta. In jika ya amsa mata da Larabci sai ta yi kamar kurma har sai ya juya harshe, sannan ta ce, “Ka ga, ba ta cije ka ba.” Babban ɗanta kuwa, yayan mijina, ba ta taɓa kiran sunansa ba, irin kunyar mutanen da. Tunda ya kama aiki a matatar mai ta Yanbu sai ya zama Na Yanbu a bakinta.

Ta haura saba'in, ƙafa ta hana ta zaman rumfa, lokacin da babbar 'yata ta gama karatun harkar fim a Jidda. An riga an buɗe gidajen sinima a ƙasar nan, matasa kowa yana son ya gwada hannunsa. Wata ƙawar karatunta, Balarabiya 'yar Madina, za ta ba da umarni a wani gajeren fim, 'yata tana taimaka mata. Wata Juma'a muna cin abincin rana 'yata take ba da labarin cewa suna buƙatar kaka a fim ɗin, kuma sun samo wata 'yar wasa mai shekara arba'in, za a zana mata tamoji a fuska, a shafa mata farar hoda a gira. Hajiya ta ajiye cokali.

“Tsofaffi ne suka ƙare a Madina?” ta tambaya.

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce a kawo mata yarinyar.

Da daraktar ta zo, 'yata ta karanta wa Hajiya labarin, don ban da Alƙur'ani ba ta karatu. A shafin farko kaka tana kwance. A na biyu tana tari. A na uku ta rasu, sauran fim ɗin 'ya'ya ne suke rigima a kan gida. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi yarinyar ko tana da kaka a raye. Ta ce tana da ita. Ta tambaye ta ko kakar tata ba ta yin komai sai tari. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce a gaskiya kakarta ce take juya gidansu gaba ɗaya, ko mota ba a saya sai da saninta. Hajiya ta ce to me ya sa ta kashe ta tun ba a zauna ba.

Na ɗauka yarinyar za ta yi fushi ta tafi. Sai ta ciro littafi. Kwana uku a jere tana zuwa bayan la'asar, Hajiya tana ba ta labarin tsohuwar unguwarsu da aka rushe lokacin da aka faɗaɗa gari, da gidan mahaifinta mai rijiya a tsakar gida, da yadda har yanzu in ta bi ta wajen manyan otel ɗin nan takan ƙirga taku a ranta ta ce nan ne ɗakin girkinmu. Da aka sake rubuta labarin, kaka ba ta mutu ba. Ta sulale ne daga gidan ɗanta ta tare tasi, ta shiga gari neman inda gidan ubanta yake, 'ya'ya suna ta nemanta. Kuma daraktar ta ce ba wadda za ta hau wannan matsayi sai Khala, haka take kiran Hajiya.

Gidanmu ya kama da murna. Jikoki suna ta tsalle Sitti, wato kakarsu, za ta fito a sinima. Mijina bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, halinsa ke nan. Hajiya da kanta ta aika aka tambayo mata malamin da ta yarda da shi, ta kuma kafa sharuɗɗanta: da cikakkiyar suturarta za ta fito, ba namijin da zai taɓa ta, in an kira salla a kashe kyamara.

Na Yanbu ne bai ji daɗi ba. Ranar Alhamis ya tuƙo mota ya zo, ko abinci bai tsaya ci ba. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, sannan ya fara magana da Larabci, alamar ransa a ɓace yake. Ya ce abin kunya ne. Ya ce shi mutum ne mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, gobe za su riƙa tura wa juna hoton uwarsa a waya. Ya ce sun daɗe suna fama kafin a daina kallonsu a matsayin 'ya'yan mai rumfa, yanzu kuma za a ce 'ya'yan 'yar wasa. Ina bakin ƙofar kicin, kuma na san maganar ba ta girman kai ba ce kawai. Ya sha gori yana yaro saboda launin fatarsa da sana'ar uwarsa, bai manta ba.

Hajiya ta bar shi ya gama, ta amsa masa da Hausa.

“Shekara arba'in fuskar nan tana Uhudu, duk duniya ta zo ta gani, da ita na ciyar da kai. Ba ka ce in rufe ta ba sai yau da za a tambaye ni abin da ke cikin kaina.”

Ya tashi ya fita. Wata huɗu bai tako gidan ba, sai dai ya kira ƙaninsa ya tambayi lafiyarta. Abin ya ci ta ƙwarai. Duk Alhamis sai ta sa in tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, abincin da yake so, ba ta cewa don wa. Sau ɗaya na same ta zaune da waya a hannu, ta ce mini ko dai ta fasa ne. Na ce mata, “Hajiya, in kin fasa ba zai ji daɗi ba, ke ma ba za ki ji ba.” Washegari ta ce in goge mata baƙar abayarta mai aiki a hannu.

Ni na riƙa kai ta wajen ɗauka, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Ranar farko aka ce mata ta buɗe ƙofa ta fito kawai. Ta fito, ta tsaya, ta koma ta duba ko ta kashe murhu, ta sake fitowa. Ba a rubuta haka ba. Daraktar ta dubi 'yata, 'yata ta dube ni, aka bar shi a fim. Kafin mako ya ƙare ta san sunan kowa, ta san wanda bai karya ba, ta san mai riƙe fitila yana rigima da matarsa, har ta ba shi shawara. In ta ga an maimaita abu ya isa, ita take cewa khalas, wato shi ke nan, kafin darakta ta faɗa. Ta hana mai kwalliya taɓa mata fuska, ta ce shekara saba'in ta yi tana haɗa wannan tamojin, ba wanda zai share mata shi da soso.

Ranar da aka ɗauki fitowa ta ƙarshe, a gefen titi ne kusa da wani dogon otel, da sassafe kafin mutane su yi yawa. An rubuta mata jimla biyu da Larabci. Ta tsaya, ta dubi tayil ɗin da ke ƙasa, ta buga sandarta sau biyu, sai ta fara magana da mahaifinta da Hausa. Ta ce masa Baba ga ni na zo, rijiyarka tana nan ƙarƙashin ƙafata, sun rufe ta amma na gane wurin. Ta ba shi labarin waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, ta ce masa jikokinsa sun yi karatu, ɗaya ma babba ne a Yanbu. Ba wanda ya ji me take cewa sai ni da 'yata, amma na ga mai kyamara yana goge ido da kafaɗa. Daraktar ta ce ba za a sake ba, kuma ba za a canza harshen ba, a rubuta fassara a ƙasa.

A Jidda aka fara nuna shi, a wani taron fina-finai. Muka cika layi biyu na kujerun jirgin ƙasa da jikoki da kuloli. Hajiya ba ta taɓa shiga sinima ba. Da fuskarta ta bayyana a bango, girmanta ya kai ƙofar gareji, sai ta kama hannuna ta ce da ƙarfi ashe haka hancinta yake ba wanda ya taɓa gaya mata. Layinmu duka ya fashe da dariya. Da aka zo wajen rijiya kuwa, ɗakin ya yi tsit. Aka kunna fitila mutane suka miƙe suna tafi, aka riƙo ta zuwa gaba. Wani ɗan jarida ya tambaye ta a ina ta koyi wasa, ta ce a Uhudu, wajen alhazai. Mata masu shekaru suka kewaye ta suna sumbatar goshinta, kowace tana faɗin sunan unguwar da aka haife ta wadda babu ita yanzu.

Na Yanbu bai je ba. Bayan mako uku sai ga shi ranar Alhamis da kifi cike da kula. Daga baya matarsa ta gaya mini abin da ya faru. Wani dattijo Balarabe da suke aiki tare ya shigo ofishinsa ya rufe ƙofa, ya tambaye shi ko da gaske matar nan mahaifiyarsa ce, ya ce shi ma gidan uwarsa yana ƙarƙashin wani otel, kuma tunda ya kalli fim ɗin bai samu natsuwa ba. A ranar Na Yanbu ya nemi fim ɗin ya kalla shi kaɗai a mota. Amma da ya zo bai ba da haƙuri ba, Hajiya ma ba ta nema ba. Ya gaishe ta, ya zauna, ya ce da Hausa, “Umma, kin yi kuskure. Rijiyar Kaka ba a nan take ba, tana can bayan inda ake ajiye motoci.” Ta ce shi da aka rushe gidan yana da shekara tara zai koya mata. Suka yi awa guda suna musu a kan lungu da kwana, har ya ɗauko takarda yana zane. Ni dai na shiga kicin na ɗora tuwo.

Daga nan waya ba ta huta ba. Yawancin masu kira baiwa ko mai raino suke so, baƙar tsohuwa da za ta shigo da tire ta fita, ko mai duba da turare. Ta ƙi su. Ba raina aikin gida take ba, ta ce rabin ƙawayenta da shi suka rayu. Sau ɗaya ta karɓi matsayin mai aiki, bayan ta sa an ba matar suna, da ɗaki nata, da ɗiya a ƙasarsu da take kira a waya, da ranar da za ta gaya wa uwar ɗakinta gaskiya. Fina-finai huɗu ta yi cikin shekara biyar. Ta koma mai sa ido a talabijin. Duk lokacin da ta ga tsohuwa ta gaske an ba ta magana mai tsawo, sai ta ƙwala mini kira daga falo in zo in gani, ga wata an samu. Kwanakin baya kiran ya yi yawa har nakan ce mata ina da tukunya a wuta. Fina-finan Kano ma tana kallo a wayar jikoki, tana yaba waɗanda suka bar iyaye mata su yi fushi, su yi dabara, su yi kuskure, tana tsaki in an kawo uwa don ta sa albarka kawai a mayar da ita ɗaki.

Akwai aminiyarta, wadda muke kira Iya, mutuniyar Damagaram, da ta yi shekaru tana shara a wata makarantar 'yan mata. Tunda mijinta ya rasu Iya ta daina fita, ta daina magana sai an tambaye ta. Hajiya ta je har ɗakinta ta ce tana neman mai riƙe mata jaka a wajen aiki, ni wai na cika mantuwa. Ƙarya take yi mini, na kuwa yafe. Iya ta riƙa binmu tana zama a kujerar da ke dama da ta Hajiya. A fim na uku ana buƙatar maƙwabciya da za ta leƙo ta taga ta yi tsegumi, Hajiya ta ce ga ta nan zaune. Iya ta yi rantsuwa ba za ta iya ba. Aka kunna kyamara, ta leƙo ta zazzaga magana da Larabcinta mai gauraye da Hausar Damagaram, ma'aikata suka riƙe ciki. Da ta dawo kujera ta tambayi Hajiya yaya ta yi, Hajiya ta ce ba laifi, amma ta buɗe murya. Ranar a mota Iya ta yi ta surutu har gida.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, kwana tara ne. An riga an ba ta babban matsayi a fim na biyar, ungozoma ce da unguwa guda take jin tsoronta, kuma ita ce jigon labarin daga farko har ƙarshe. Ta haddace rabin maganganun. Da daraktar nan ta farko, wadda ita ce za ta ba da umarni a wannan ma, ta zo duba ta a asibiti, Hajiya ta ce mata kada ta kuskura ta ɗauko yarinya ta shafa mata hoda, a ba Iya. Ta kuma sa 'yata ta ɗauki muryarta a waya tana lissafa tsofaffin matan da ta sani a Harra da Uhudu, wadda ta iya waƙar daka, wadda ta iya faɗa, wadda in ta yi shiru ma kallonta ya isa. Na Yanbu yana zaune a bakin gadon yana tuna mata waɗanda ta manta.

A zaman makoki daraktar ta isar wa Iya da saƙon. Iya ta girgiza kai ta ce ita 'yar rakiya ce, wadda take rakawa kuma ta tafi. Ba wanda ya matsa mata.

Sati biyar bayan haka, da safe ina shanya, aka buga ƙofa. Iya ce, da sabon mayafi da jakarta a hannu. Ta ce ta ji yau ake farawa, in kai ta. A hanya ta gaya mini jikar maƙwabta ta riƙa karanta mata takardun kullum har ta haddace, ba ta gaya wa kowa ba don kada ta kasa. Da muka isa muka tarar da tsofaffi shida daga cikin waɗanda Hajiya ta lissafa, an ɗauke su matan unguwa, sun baje a inuwa da flas ɗin shayi suna gyara wa mai kayan sawa ɗaurin ɗankwali. Wurin ya cika da Hausa da Larabci da dariya, matasan suna ta kai da kawo a tsakaninsu.

Aka kira Iya. Fitowar farko doguwa ce, ungozoma tana tsaye a ƙofa tana hana wani attajiri shiga ɗakin haihuwa. Ta yi ta daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Daraktar ta ce khalas, ma'aikata suka fara tafi. Iya ta juyo da fara'a ta dubi kujerun da ke gefe, bakinta a buɗe za ta yi tambaya. Ni kaɗai ce zaune a wurin. Ta ɗan tsaya, ta gyara mayafinta, sannan ta juya wajen daraktar.

“A sake, 'yata,” ta ce. “Ban buɗe murya ba.”

Aka sake.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya yalwata mata makwanci a cikin maƙwabtan Manzonsa, ya haɗa ta da iyayenta da suka taka ƙasa mai nisa don su kwanta a garin nan. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.